WA ZAI ZANA DORINAR PEPERUWA?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar mota da ta tashi daga Lafiya ta nufi Shandam, lalle ya ratsa Assakio, ko da kuwa barci yake yi a cikin mota. Gari ne na manoma a gabashin Lafiya, cikin Jihar Nasarawa, dab da iyakar Jihar Filato, kuma a nan ne hedkwatar yankin Lafiya ta Gabas take. Idan kaka ta yi, manyan motoci sukan yi jerin gwano a bakin hanya suna lodin doya da shinkafa da riɗi da agushi, su nufi manyan kasuwannin ƙasar nan. Abin da ya jawo hankalin wannan fili a makon nan kuwa shi ne zanen da ke jikin waɗannan motoci.

Mai karatu ya daure wata rana ya tsaya ya dubi bayan babbar motar katako da kyau. Zai ga zaki ya buɗe baki, zai ga gaggafa ta baza fukafukai, wani lokaci har ya ga wani ƙato yana kokawa da damisa mai ratsi-ratsi irin ta ƙasar Indiya, dabbar da ba ta taɓa taka dajin Afirka ba tun da aka halicce ta. Mai fentin ba shi da laifi, domin a kalanda ya gan ta, ko a fim. In an shiga ɗakin baƙi na wani ma'aikaci a Lafiya, ba abin mamaki ba ne a iske hoton tsaunukan ƙasar Turai lulluɓe da ƙanƙara yana rataye a bango, alhali mai gidan bai taɓa jin sanyin da ya wuce na hunturun Jos ba. Da wuya a ga motar da aka zana wa dorina, ko ɗakin da aka rataye hoton masunci a cikin kwalekwalensa da asuba.

Ga shi kuwa a ƙasar Assakio ɗin nan ne Tafkin Peperuwa yake. Takardun yawon buɗe ido na Jihar Nasarawa sun daɗe suna lissafa shi cikin wuraren da jihar take alfahari da su, suna ambaton dorina da ayu da agwagin ruwa da kifi iri-iri. In aka ƙara gaba kaɗan a kan hanyar, aka tsallaka iyaka, sai a isa Gandun Dajin Pandam, wanda aka keɓe a shekarar 1972, zamanin da Joseph Gomwalk yake mulkin tsohuwar Jihar Binuwai da Filato. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 200, yana da tafki nasa wanda aka san shi da dorina da ayu, kuma a shekarar 2008 aka sa tafkin cikin jerin dausayin da duniya ta amince da muhimmancinsu a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Duk ruwan wannan yanki gangarawa yake yi kudu zuwa Binuwai, kogin da ya yi wa jihar iyaka daga wajen Tunga har zuwa Loko. Watau dai ƙasar ruwa ce, ƙasar jirgi da gora da filafili, ko da yake mutanen Kano da Katsina in an ce Lafiya, doya da manja kawai suke tunawa.

Abin baƙin ciki shi ne, lokacin da sunan Assakio ya cika jaridun ƙasar nan, a shekarun 2012 da 2013, rikici ne ya kai shi. Hotunan da jama'a suka gani a lokacin na gidaje ne da suka ƙone, da mata ɗauke da ƙunshin kaya a ka suna neman mafaka. Masu ɗaukar hoto sun yi aikinsu, kuma ya kamata su yi. Amma garin da ba a taɓa nuna wa duniya komai nasa ba sai tokarsa, an cuce shi sau biyu.

Wani zai ce, to, mene ne amfanin hoton tafki? Hausawa sun riga sun ba da amsa tun tuni da suka ce gani ya kori ji, kuma tarihin wasu ƙasashe ya gaskata su. A shekarar 1871 gwamnatin Amurka ta tura wata tawaga ta binciki wani daji mai nisa da ake kira Yellowstone. Mafarauta sun daɗe suna ba da labarin maɓuɓɓugan ruwan zafi da ke tsartuwa sama a wurin, ana ɗaukarsu maƙaryata. A cikin tawagar akwai mai ɗaukar hoto, William Henry Jackson, da mai zane, Thomas Moran. Da suka komo aka baza ayyukansu a gaban 'yan majalisa, musu ya ƙare. Ranar 1 ga watan Maris na 1872 aka sa hannu a dokar da ta keɓe wurin, ya zama gandun daji na ƙasa na farko a duniya. Majalisar ma ta sayi babban zanen Moran a kan dala 10,000, kuɗin da a wancan zamani ba na wasa ba ne.

Labarin ƙasar Kanada ya fi kusa da zancen Assakio, domin su ma arewacinsu ƙasar tafkuna ce da kwalekwale. Akwai wani mutum, Tom Thomson, wanda yakan shiga dajin Algonquin na lardin Ontariyo da kwalekwalensa da tantinsa da akwatin fenti, ya yi watanni. Yakan yi wa baƙi jagora, ya kuma taɓa yin aikin gadin daji saboda gobara, domin ya sami na abinci. A kan 'yan ƙananan alluna yake zana abin da ya gani nan take, bishiya da dutse da ruwa da hadari, in sanyi ya kore shi sai ya koma birnin Toronto ya mayar da wasu manya. A watan Yuli na 1917 aka tsinci gawarsa a wani tafki na wannan daji, bai ko cika shekara 40 ba. Abokansa suka ci gaba da aikin, suka kafa ƙungiya ta mutum bakwai wadda ta yi nuninta na farko a 1920. Da fari an yi musu dariya, an ce sun ɓata fenti. Daga baya zanensu ya shiga makarantu da ofisoshi da kan sarki, har ya zama da shi mutumin Kanada yake gane ƙasarsa.

Sai dai akwai wani aibi a aikin nasu wanda 'yan ƙasar da kansu suka zo suna faɗa daga baya, kuma ya kamata duk mai niyyar zuwa Peperuwa ya ji shi. Sun zana dajin kamar babu kowa a cikinsa, alhali kuwa akwai mutanen asali da suka shekara dubbai suna zaune a wurin, waɗanda ma su ne suka ƙago irin kwalekwalen da masu zanen suke shiga. Hoton da ya nuna ƙasa ba mutane yakan sauƙaƙa wa hukuma korar mutanen. A Yellowstone ma haka aka yi. Saboda haka wanda zai ɗauki hoton tafkin Assakio ya cire masunci da mai wanki da makiyayi mai shayar da shanu domin wai hoton ya yi kyau, ya yi ƙarya da na'ura.

Kada kuma wani ya ɗauka zanen namun daji al'adar Turawa ce da za a aro. Tun kafin a san da Bature, mutanen wannan yanki na duniya suke yin sa. A Birnin Kudu ta Jihar Jigawa akwai zanen shanu a jikin duwatsu, akwai kuma irinsa a Geji ta ƙasar Bauchi. A Dabous, arewa da Agadas cikin Jamhuriyar Nijar, wasu mutane da ba a san sunansu ba sun sassaƙa raƙuman dawa biyu a kan dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5, an fitar da kowane tabo na jikinsa. A yau wurin hamada ne, babu raƙumin dawa ko ɗaya, sai sassaƙar ce kaɗai take shaida cewa a da akwai ciyawa da ruwa. A kusa-kusan nan kuma ga Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20. Ta shiga makarantar ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu, a 1954, amma kada da ƙadangare da kunama da hawainiya da kifin da take zanawa a jikin tulunanta daga gida ta zo da su, daga hannun matan Gwari. Ta rasu a 1984, tulunan nata kuwa suna gidajen tarihi na Ingila da Amurka.

Shi kansa kwalekwalen, ba a yi wa ƙasar nan gori a kansa. A shekarar 1987 wani Bafillace makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani katako a ƙarƙashin ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi, sai ga jirgi mai tsawon mita 8 da 'yan kai, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, yana kuma cikin uku mafi tsufa a duniya. Wanda ya dubi yadda aka feƙe goshinsa ya san masassaƙin ba ɗan koyo ba ne. Jikokin sana'arsa suna nan a bakin Binuwai har gobe, sai dai itacen da za su sassaƙa ne yake ƙarewa.

Dattawan da suka yi zamani da sule da kwabo za su tuna kan sarkin da gidan waya ya fitar a 1965, wanda wani Bafaranshe mai zane, Maurice Fievet, ya zana. Na ɗari zakanya ce da 'ya'yanta, na kwabo giwaye, na sule da taro gauraka, na sule biyar raƙuman dawa, na sule goma dorina, na fam guda kuwa ɓauna. Yaron da aka aika gidan waya a Funtuwa ko Gusau yakan lashi bayan giwa ya manna a ambulan, ya san cewa ƙasarsa tana da giwa. Gwamnatin wancan zamani ta ga ya dace ta gabatar da kanta ga duniya da namun dajinta. To, a ɗauki wannan jeri a yau a bi shi ɗaya bayan ɗaya. Raƙumin dawa ya ƙare a dazukan Nijeriya, waɗanda ake gani a gandun Sumu na Jihar Bauchi daga Namibiya aka kawo su a 2006. Gauraka, wadda a da take cika fadamun arewa, ta zama abin nema ido rufe. Zaki ya rage 'yan ƙalilan a Yankari da wajen Kainji. Kan sarkin da aka yi domin talla ya koma takardar lissafin asara.

Yadda abin yake faruwa ba ɓoyayye ba ne, kuma mutanen Nasarawa sun fi kowa sani. Buhunan gawayi da ake jerawa a bakin hanyoyin jihar daga ƙirya da kaɗanya da sauran manyan itatuwa suke fitowa. A shekarun da suka biyo bayan 2013 an yi wa itacen madobiya wawa a tsakiyar ƙasar nan, ana loda gungume ana kaiwa ƙasar Sin, har sai da aka sa shi cikin yarjejeniyar duniya ta kayyade cinikin halittu masu ƙarewa a 2016. In aka sare itacen bakin ruwa, gaɓa takan zube, yashi ya cike tafki, ruwa ya yi ƙasa da rani. Maɗaci da kawo masu kaurin da za a fafe jirgi guda daga cikinsu sun yi wuya, shi ya sa jiragen katako da ƙusa suke maye gurbin na sassaƙa. Sa'an nan ga taru mai ƙananan idanu da ke kwashe kifi tun yana ɗan tsako, ga masu zuba guba a ruwa.

Ayu ya fi kowa shiga uku. Dabba ce mai shayarwa, ba kifi ba, ciyawar ruwa take ci, takan leƙo da hanci ta shaƙi iska ta koma. Ɗa guda take haifa bayan ciki na kimanin shekara, sa'an nan ta daɗe tana reno kafin ta sake. Dabbar da haihuwarta take haka, in ana kashe ko da 'yan kaɗan a shekara saboda nama da mai da magani, ba ta iya mayar da gurbi. Doka ta 11 ta shekarar 1985 ta hana kashe ta, amma doka a takarda take, ayu kuwa a ruwa yake, kuma babu ɗan sanda a tsakiyar tafki.

A nan ne hoto yake wuce abin ado ya zama shaida. A Kure, kudu maso gabas da Yamai, raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma sun ragu har zuwa 49 a shekarar 1996. Cikin dabarun da aka bi wajen ceto su har suka haura 600 akwai ɗaukar hoton kowane ɗaya, dama da hagu, domin tabon jikin kowane raƙumi daban yake, kamar zanen yatsa. Da haka ake sanin wanda aka haifa da wanda ya ɓace. Baƙi masu ɗaukar hoto sun riƙa zuwa suna biyan 'yan jagora na ƙauyukan, har harin da aka kai a wurin a watan Agusta na 2020 ya tsinke zuwansu. A Yankari ma ana ɗaure na'urorin hoto a jikin bishiya su kama abin da ya gifta da dare. Da a ce tun 1972 ana ɗaukar hoton Pandam da Peperuwa kowace shekara daga wuri guda, a rubuta kwanan wata a baya, da yau babu jami'in da zai iya tsayawa ya ce ruwa bai ja baya ba ko daji bai ragu ba.

Akwai masu ƙorafi iri biyu da ya kamata a saurara. Na farko su ne masu ganin zanen abu mai rai bai halatta ba. Wannan magana ce ta malamai, kuma sun yi ta, da yawansu sun bambanta tsakanin gunki da hoton na'ura da ake yi domin ilimi ko shaida. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ga tafki ga giginya ga hadarin Agusta ga jirgi a ɗaure a gaɓa, babu mai jayayya a kan waɗannan, kuma mafi yawan abin da mutanen Kanada suka zana ke nan. Na biyu shi ne manomin da dorina ta shiga gonar shinkafarsa da dare ta cinye wahalar shekara. Wannan mutum yana da gaskiya, kuma duk wanda ya zo daga birni da na'ura a wuya yana yi masa wa'azin son dabbobi ba tare da ya dubi gonar ba, bai cancanci a ba shi ruwan sha ba. Sai a ɗauki hoton gonar ita ma, a kai wa hukuma tare da na dorinar, domin diyya ma da shaida ake neman ta.

Aikin kansa ba shi da sauƙi, kuma ba na mai gaggawa ba ne. Hasken da ya fi kyau na sassafe ne da na la'asar sakaliya, da rana tsaka ruwa yakan yi ƙyalli ya kashe hoto. Hazon hunturu yana ɓoye nesa, amma yakan sa jirgi da mai tuƙa shi su fito baƙi ƙirin a kan farin ruwa, abin sha'awa. A cikin kwalekwale zama ake yi, ba a miƙewa, ba a kuma matsa wa dorina, musamman mai ɗa, domin kifar da jirgi ba komai ba ne a wurinta. Ayu kuwa mutum yana iya yin mako bai ga komai ba sai ƙwayar hanci da da'irar ruwa. Wanda ya san inda zai ɓullo shi ne masunci, wanda ya gaji ruwan daga ubansa, ya san inda zalɓe yake kwana da watan da dinya take sauka. A fara gaida Sarkin Ruwa da masu gari, a biya mai jirgi haƙƙinsa, a nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi, in an wanke hoto a komo masa da nasa. Sa'an nan a yi hattara da wayar hannu: wanda ya sa hoton ayu a intanet tare da bayyana ainihin lungun da ya gan shi, ya yi wa mafarauci jagora kyauta.

Masu yin aikin ba sai an ɗauko su daga waje ba. A Lafiya akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, akwai kwalejin kimiyya da fasaha da ta aikin gona, a Keffi akwai jami'ar jiha. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ya fi shekara 60 yana yaye masu zane, kuma ɗaliban da ake turawa su zana kasuwa da tashar mota ba za su rasa kuɗin motar Assakio ba in sashen ya sa niyya. A kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda tun 2015 take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda samari masu sa kai suke zagayawa suna rubuta abin da suka gani. Masu hoton biki da na fasfo da ke Lafiya suna da na'urorin da Jackson bai taɓa mafarkin irinsu ba, shi da yake ɗora faifan gilashi a kan alfadari.

Abin da ya rage shi ne mai saye. Kowace shekara ma'aikatu da ƙananan hukumomi da bankuna suna buga kalanda, shafi goma sha biyu, yawanci fuskokin manya ne a jere. Ma'aikatar da ke kula da al'adu da yawon buɗe ido ta Jihar Nasarawa tana iya ware kalandar shekara guda ta ba tafkuna da kogunan jihar, ta sa gasa tsakanin ɗalibai da masu hoto, ta ce kowane hoto ya zo da sunan wuri da kwanan wata da sunan mai jirgin da ya kai mai hoton. A rataye waɗanda suka yi fice a makarantun firamare na Assakio kafin a kai su Abuja, a kuma ba masu fentin motoci na tashar Lafiya kofe ɗaya-ɗaya. Ana fara buga kalanda ne tun watan Oktoba, ruwa kuwa yakan fara ja da baya a Nuwamba, lokacin da tsuntsayen ƙetare suke sauka, saboda haka hotunan da za a ɗauka a ranin bana na kalandar baɗi waccan ne.